Ranar da Agogo Ta Kashe wa Hawainiya Fitila

"Lafiya lau na tashi, kuma ban mutu ba, in abin da ka zo dubawa ke nan," in ji Agogo Nachisale, wato Kaka Nachisale a yaren ƙasarsu, tun jikanta bai gama durƙusawa ba.

"Ayya. Ni kuwa har na ari shebur a hanya," in ji Limbani.

"Mayar musu da abinsu. Ramin da za ka haƙa da waɗannan siraran hannuwan, ko kaza ba ta shiga."

Haka suke gaisawa kullum, ita da ɗan 'yarta, tun yana yawo ba wando har ya zama ƙato mai kula da masu tsinkar ganye a gonar shayi. Amma yau bakinsa ne kawai ke wasa. Kwana da kwanaki ke nan chiperoni ta sauko daga dutsen Mulanje ta zaune wa mutane, farin hazon nan mai yayyafi da ke ratsa ƙashi, wanda ke hana ka ganin bishiyar ƙofar gidanka. An sallami ma'aikata da wuri, Limbani ya dawo ya zarce ɗakin ajiya, inda yake kiwon hawainiya uku da ya tsinto lokacin da aka datse rassan shayi. Fitilar da ya kunna musu kafin ya fita, ya tarar da ita a kashe, ƙwan ya yi sanyi ƙalau. Ƙananan biyu sun yi baƙi sun manne a reshe ɗaya. Babbar kuwa, wadda ya raɗa wa suna Jirgi saboda tsabar nawarta, ta ture ragar keji ta fice.

Ba inda bai duba ba. Sai da ya shigo ɗakin tsohuwa don ya tambaya, sannan ya gan ta.

Agogo na zaune a kan 'yar kujera, ta naɗe da bargo, ta ɗora mayafin ulu a kai, kaskon garwashi daf da ƙafarta. Wani zane da ke rataye a igiyar shanya yana taɓa bayanta. Jirgi ta biyo igiyar, ta sauko ta zanen, ga ta nan a tsakiyar gadon bayan tsohuwa, baƙa wuluk kamar gawayi, tsawonta ya kai damtsen mutum. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gaba, ta yi baya, sannan ta dasa ta. Sama ta nufa.

Gaban Limbani ya faɗi. Ya san abin da tsofaffin ƙasar nan ke yi wa hawainiya. Danne ta ake yi da sanda, in ta buɗe baki a ɗura mata garin taba, a tsaya ana kallo tana sauya launi har ta sandare. Battar taba kuwa tana hannun Agogo, kuma a buɗe. Ko ba a kai ga haka ba, zabura ɗaya ta isa ta yar da Jirgi cikin garwashi. Fizge ta ba ya yiwuwa, don in farcenta ya kama ulu sai dai ta saki don kanta. Shi ya sa ya durƙusa ta gefe, ido ɗaya a fuskar kakarsa, ɗaya a bayanta. Dabararsa ita ce ya riƙe ta da surutu har ya sami sandar da zai miƙa wa Jirgi ta hau.

"Amarya, wa ya kashe fitilar ɗakin ajiya?"

"Ni ce. Da sandata na zungure makunnin."

"Ko kunya ba ki ji ba, har kina amsawa."

"Kunyar wa? Mitar wutar nan tun safe take kuka kamar ɗan tsakon da uwarsa ta ɓace. Na ce wa ke shanye wutar gidan nan? Na duba ɗakina, duhu. Na duba falo, duhu. Na leƙa ɗakin iyayengijinka, sai ga su a kishingiɗe ana gasa musu baya."

"Ƙwai ɗaya ne fa tak, su uku ke rabawa. Ba ki ga yadda na haɗa kejin wuri guda ba? Na naɗe su da buhun shayi, na manna takardar azurfa ta cikin kwali don zafin ya dawo musu. Da rana ta take nake kashewa. In da akwai rana a sama ma, kan bishiyar gwaiba nake kai su, kyauta."

"Na ga ƙoƙarinka, maigida. Na ga yadda ka kwance ƙwan ɗakina."

"Ke da kike barci tun kaji ba su shiga ba, me za ki yi da ƙwai?"

"Butar lantarki fa? Ita ma barci take yi?"

"Butar nan in ta tafasa sau ɗaya, ta cinye abin da zai ɗumama su wuni guda."

"Kun ji ko? Na auri miji, ya kwashe wutar gida ya kai wa 'yan uwan ƙadangare, ya bar ni ina laluben haƙorana a duhu."

"Haƙora nawa suka rage da har sai an lalube su?"

"Miƙo yatsanka ka ƙidaya."

Ya yi dariyar yaƙe. Jirgi ta ƙara taku. Hazo na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana bin ƙasa, garwashin ya yi ja a cikin duhun ɗakin duk da tsakar rana ce. A waje ba kukan kare, ba muryar yaro, sai ɗigar ruwa daga bakin kwano.

"Ara mini sandarki," in ji shi.

"Ka yi me da ita?"

"In auna tsawonki. Kafinta ya ce kada ya yi asarar katako."

"Ce masa ya yi mai faɗi, tare za a sa mu. Wace mace ce za ta tafi ta bar miji irinka a hannun 'yan matan gonar shayi?"

"Ai su ma jira suke yi."

"Su ci gaba da jira. Na binne wanda ya fi ka ƙirji." Ta jawo sandar ta take da ƙafa.

Tsohuwar nan fa ba a cin ta da baki, kowa a unguwar ya sani. Limbani ya sake dabara. Ya hau murza hannuwa yana kakkarwar ƙarya, ya kama kunnen kaskon ya ja shi gabansa a hankali, har ya raba shi da ƙafarta.

"Yau kuma har garwashin za ka gada ina raye?"

"Sanyi nake ji."

"Saurayi da jin sanyi. Kakanka a irin wannan hazon yake hawa dutse ya sauko da gungumen katako a ka, ba riga."

"Shi ya sa ya riga ki tafiya. Ya gwammace can da surutunki."

"Can ɗin ma ai ina zuwa. Bai tsira ba."

Garwashi dai ya yi nisa, saura batta. Agogo ta ɗebi garin da yatsu biyu, ta riƙe, ba ta kai hanci ba, ba ta kuma mayar ba.

"Ɗan sam mini tabar nan."

"Yaushe ka fara?"

"Yau. Miƙo battar duka, in zaɓi mai kyau."

"Wannan ba ta rabo ba ce."

Jirgi ta kai allon kafaɗa. Jelarta ta naɗe a wani zaren mayafin, idonta ɗaya ya juyo ya tsaya a kan Limbani, ɗayan yana kallon wuyan tsohuwa. Shekara da shekaru yana tare da halittun nan, bai taɓa jin tsoron idonsu ba sai yau.

"Wai me suka yi muku ne, ku tsofaffi?" ya tambaya, don kada shiru ya shiga tsakani. "Dabbar da ko cizon kirki ba ta iya ba. Ƙuda take ci, ƙudan da ke hana ki cin tuwon nsima."

"Ka tambayi abin da ba ta yi ba. Ita aka fara aikowa tun farkon duniya, aka ce je ki gaya wa mutane za su mutu amma za su dawo. Ta kama hanya tana rangaji, nan ta tsaya cin ƙwaro, can ta tsaya sauya zane. Aka aiko ƙadangare daga baya da cewa wanda ya mutu ya mutu ke nan. Ya sheƙo da gudu ya riga ta. Duk kabarin da ka gani a bayan garin nan, nawarta ce ta haƙa shi."

"To ai ƙadangaren ya kamata ku ɗura wa taba."

"Wa ya iya kama ƙadangare?"

"Wato wadda ba ta iya gudu kuka samu. Jarumai."

"Rufe mini baki. Kai ne babban mai laifi. Na daɗe ina lura da su ta jikin raga. In suna cikin sanyi, wuni guda ba sa ɗaga ƙafa. Da ka kunna musu fitilar nan sai ka ga sun miƙe, sun yi kore, suna tafiya har da sauri. 'Yar aike tana tafiyarta a hankali tun zamanin kakanni, kai ka ɗauko ta ka kawo gidana, ka sa mata wuta a baya don ta iso da wuri."

"Au, ba don mita kika kashe ba ke nan."

"Mita ta yi ta kukanta. Na kashe ne don ƙafarta ta yi nauyi."

"Amma ke da bakinki kika ce saƙon alheri ta ɗauko. A mutu a dawo. Ni da na ce ki shimfiɗa mata tabarma."

"Kafin a dawo fa, mai wayo? Ai sai an tafi. Kakata ta ce duk wanda ta isa kunnensa, shi zai fara gwadawa a gani ko gaskiya ne. Ni kuwa ban ga wanda ya dawo ba tukuna."

Limbani ya sake duban Jirgi. Yanzu ya gane yadda aka yi. Fitila na mutuwa, sanyi ya kori Jirgi neman ɗumi, kuma a duk gidan nan da ya bi ya kashe komai don tattalin wuta, ba abin da ya rage mai ɗumi sai kakarsa. Da hannunta ta kira abin da take gudu, shi kuma ya share masa hanya. Tausayinta ya kama shi, da haushin kansa.

Mitar da ke kuka a falo ta yi shiru. Wata baƙar ƙafa mai yatsu kamar awartaki ta leƙo ta saman kafaɗar Agogo, ta tsaya a iska tana lilo.

"Amarya," in ji shi, "kin san yau kin yi kyau? Zauna haka, kada ki motsa, in ƙare miki kallo."

"Daina zare ido, za su faɗo cikin kasko. Tun kafin ka shigo na ji ta."

Ya sandare a durƙushe.

"Kana tsammani bargo ya kashe mini baya? Tun daga ƙugu nake jin farcenta, ɗaya bayan ɗaya. Na so in yi ihu, muryar ta ƙi fita. Na buɗe batta na zauna ina jira. Da ka shigo da zancen shebur ɗinka, sai na ce alhamdu, ko ba komai ba zan tafi a cikin shiru ba."

"Shi ya sa kika hana ni sanda."

"Ka tsokane ta ta ƙara sauri?"

Jirgi ta ɗora ƙafar, ta jawo jikinta gaba ɗaya kan kafaɗar. Kanta mai ɗan ƙaho a hanci ya zo daidai da haɓar tsohuwa. Ta kumbura maƙogwaro, ta buɗe baki a hankali, wani siririn huci ya fito. Bakin ga shi nan a wangame, yatsun Agogo da garin taba ba su fi taƙi ɗaya da shi ba. Hannun ya fara tashi.

"Agogo," in ji Limbani. Ba amarya, ba wasa. "Don Allah. Sanyi ne ya kawo ta, ba komai. Ni na jawo, ni za ki hukunta."

Ba ta dube shi ba. "Tun ina yarinya nake riƙe wa manya sanda suna ɗurawa. Ranar da aka binne uwarka na yi rantsuwa, duk wadda ta shigo hannuna sai ta ɗanɗana."

Hawainiyar ta miƙa ƙafar gaba, ta wuce bakin mayafin, ta dafa fatar wuyan tsohuwa. Agogo ta ja numfashi ta haƙora. Hannunta ya tsaya cak a inda yake. Limbani bai san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba.

"Ƙafarta sanyi," in ji ta can, da wata murya da bai san ta da ita ba.

"Na sani."

"Ba ka sani ba, kana goye a bayan maƙwabciya lokacin. Irin wannan hazon ne. Na ɗora ƙafafun uwarka a cinyata ina murzawa, na sa su cikin zanena, na hura musu iska da bakina. Na murza har hannuwana suka mutu. Ɗumin ya ƙi shiga. Irin sanyin ke nan, ban sake jin sa ba sai yau."

Idon Limbani ya cika. Bai taɓa jin wannan ba, kuma bai san inda zai sa fuskarsa ba. Jirgi ta rufe baki. Ta kwantar da cikinta a kwarmin wuyan tsohuwa, ta baje haƙarƙari yadda take yi a ƙarƙashin fitila, ta lafe.

"Gaya mini abin da kake gani," in ji Agogo. "Ba na iya juya wuya."

Ya matso ya duba. Daga inda cikinta ya taɓa fata, baƙin ya fara sakin jiki. Wani kore mai duhu yana hawa gefenta sannu a hankali, ɗigon rawaya na fitowa a bayansa.

"Tana yin kore."

"Kada ka yi mini ƙarya."

"Wallahi. Ya kai rabin cikinta."

"Wato yana shiga."

"Yana shiga, Agogo."

Leɓenta ya ɗan motsa. Sannan ta kai garin tabar hancinta, ta shaƙe abinta, ta danne atishawa da ƙyar don kada ta girgiza kafaɗa, ta rufe battar ta cusa a bakin zane. Hawaye ya gangaro mata, ta ce tabar ce mai ƙarfi.

"To, maigida, ka ci wannan," in ji ta. "Amma kada in ji labarin a bakin rijiya."

"Ni? Har coci zan kai. Nachisale mai ran ƙarfe ta zama murhun hawainiya."

"Na fi ƙwanka arha, ɗan nema. Ni ba a saya mini kati, nsima kawai nake ci."

"Nsimar da kike ci ai ta fi kuɗin wutar unguwa."

"Za ka tsaya musu ne, ko za ka je wurin ƙananan kafin su bushe? Kunna musu, in mitar ta yarda. Sannan ka buɗe akwatin ƙarfen nan, can ƙasa akwai bargon kakanka. Ka rufe gefen kejin da shi, buhunka na banza duk zafin tsiyaya yake yi."

Limbani ya dube ta. Bargon nan tun rasuwar mai shi ba wanda ta bari ya taɓa, ko shanya shi da kanta take yi.

"Bargon Kaka? Ga 'yan uwan ƙadangare?"

"Shi ba ya jin sanyi yanzu. In ya dawo ya karɓi abinsa."

Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Har ya kai ga akwatin sai ya waiwaya. Jirgi ta ɗago kai, ta miƙa wuya, ta kai bakinta daf da kunnen tsohuwa, ta buɗe shi kaɗan. Agogo kuwa ta karkata kai, ta lumshe ido, kamar mai sauraron raɗa. Tsikar jikinsa ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya.

"Agogo?"

Ta ƙara karkata kai.

"Agogo, me ta ce?"

Ta buɗe ido ɗaya. "Ta ce in yi haƙuri, har yanzu tana hanya."

Dariya ta ƙwace masa, ita ma ta kama, tana riƙe kafaɗa da hannu don kada baƙuwarta ta faɗi. Ya rungumi bargon ya nufi ɗakin ajiya.

"Ja mini ƙofa, hazo na shigowa," ta ce da shi.

"Ki yi ta zagina dai daga nan, ina ji," in ji shi, ya bar ƙofar a buɗe.